Kiwon kifin koguna a akwatin gilas a Bauchi da Gombe

Akwatin gilas na kifi, wanda ake kira akwariyam, tanki ne mai bangon gilas da ake ajiye kifi da tsirran ruwa a ciki don kallo da nazari, ba don ci ko sayarwa ba. Asalinsa na zamani daga Ingila yake: a 1850 Robert Warington ya nuna cewa tsirrai da kifi za su iya raya juna cikin ruwa guda, a 1853 kuma aka buɗe akwariyam na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. A Bauchi da Gombe akan ga irinsa a otal-otal, ofisoshi da wasu gidaje, amma galibi kifin waje ne a ciki, alhali Najeriya na cikin ƙasashen da ake fitar da kifin ado na koguna daga cikinsu zuwa Turai ta Legas. Abin takaici ne a ce kifin da Bature ke biyan kuɗi mai yawa ya kalla, a nan masunci kan watsar da shi a bakin ruwa don ya yi ƙanƙanta.

Inda kifin yake

Babban ruwan yankin shi ne kogin Gongola, wanda ya ratsa jihohin biyu ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A kansa aka gina madatsar Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, gabas da birnin Gombe. Akwai kuma madatsar Balanga, da Gubi da Waya kusa da Bauchi, da tafkin Maladumba a ƙasar Misau, sai kogin Jama'are a arewa wanda ruwansa ke gangarawa ta Yobe zuwa tafkin Chadi. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi magana da masunta, ko da Sarkin Ruwan wurin, a ce ƙananan kifi ake so masu rai. Wanda aka kama da gura ko birgi ya fi tsira. Na ƙugiya da wanda ya kwana a maƙale a raga yakan zo da rauni, kuma raunin ne ke buɗe wa cuta ƙofa.

Zaɓen kifi

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin kowane kifi yana da kyau yana ɗan tsako. Giwan ruwa kan kai kusan mita 2. Tarwaɗa da gaiwa kan kai mita 1, kuma duk abin da ya shiga bakinsu abinci ne. Tsage mafarauci ne mai gudu, zai yi ta dukan gilas har ya ji ciwo. Minjirya na iya sakin lantarki da ya kai bolt 350, bai kamata a ajiye ta a gidan da yara ke sa hannu a ruwa ba. Talibambam, mai kumbura in ya tsorata, yana burge kowa, amma yakan wuce santimita 40, yana gatsar maƙwabtansa, shi kaɗai yake zama. Karfasa tana da juriya, sai dai tana tone yashi, tana cinye tsirrai, tana hayayyafa har akwatin ya cika.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne ƙurungu, musamman ƙananan nau'o'insa da ba sa wuce santimita 20 da ɗoriya. Yana son ɓuya da rana, da magariba ya fito yana lalube da gemunsa, wasu nau'o'in ma rigingine suke iyo, ciki sama. In an ɗaga shi yakan yi ƙara, yana da ƙaya mai tsini a baya da gefe, don haka da kofi ake kama shi, ba da raga ba. Akwai kuma kifin nan mai jikin maciji da jerin ƙayoyi a gadon baya, Polypterus senegalus, wanda a akwati ba ya cika wuce santimita 30. Ƙananan ƙawara na da ƙyalli, amma a garke suke rayuwa, sai a sa shida ko fiye a akwati mai tsawo. Ɗan ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, dangin karfasa da masana ke kira Hemichromis, ya fi duka launi, ya fi duka faɗa lokacin ƙwai. Mace da namiji su biyu sun ishi akwati guda.

Akwati da wurin ajiye shi

Ana gane yawan ruwa ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 90 da 30 da 40 zai ci lita 108, kuma tun da lita guda kilo guda ce, in an haɗa da gilas da yashi nauyin zai wuce kilo 130. Tebur ɗin falo ba zai ɗauka ba. A sa mai walda ya yi masa ƙafa, a shimfiɗa soso a ƙarƙashin gilas. Mai yankan gilas na iya haɗa shi da gilas mai kaurin milimita 6 zuwa 8, muddin silikon ɗin, wato gam ɗin da ake liƙa gilas da shi, ba mai maganin fumfuna ba ne, domin wannan guba ne ga kifi. Babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin zafi ko lalacewa. A nisanta shi da taga mai rana. Murfi dole ne, don yawancin kifin nan suna tsalle ko su silale da dare.

Yashin kogi ya isa, a wanke shi har ruwan ya fito fes. Duwatsun Bauchi masu tauri ba sa canza ruwa, amma farar ƙasa irin ta yankin Ashaka tana narkewa a hankali ta sa ruwan ya yi nauyi, wato ma'adinai su yi yawa a cikinsa. Gwajin ba wuya: a ɗiga ruwan lemun tsami a kan dutsen, in ya yi kumfa a bar shi. Fasasshiyar tukunyar ƙasa maɓoya ce mai kyau ga ƙurungu. Kainuwa da bado na rayuwa a akwati in akwai haske, kuma suna tsotse dattin ruwa.

Rainon ruwa kafin zuwan kifi

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma shi ne abin da gaggawa ke ɓatawa. Kifi na fitar da amoniya, wani sinadari mai guba, ta maƙoshinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A kogi ruwa na tafiya da ita. A akwati tana taruwa ta ƙone maƙoshin kifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne don yana hana jini ɗaukar iskar oksijin, sannan wasu su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin soson matata, wato na'urar tace ruwan akwati, da yashi suke manne, kuma sabon akwati ba shi da su. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata.

Saboda haka ana cika akwatin, a kunna matata da famfon iska, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ko ɗaya ba. Ruwan na iya yin fari-fari a makon farko, ba abin tsoro ba ne. Wanda ya sami soso daga tsohon akwati mai lafiya ya matse shi a sabon ya rage kwanakin jira, kamar yadda ake zuba tsohon nono a madara don ta kama. Da kayan gwajin ruwa ake tabbatarwa: in amoniya da naitirait sun koma sifiri, akwati ya nuna. Ko a lokacin, kifi biyu ko uku ake fara sakawa, a ƙara bayan mako biyu. Juriyar kifin gida tana ruɗin mutane. Jurewa ba lafiya ba ce, kifin da ya sha amoniya yakan mutu daga baya da wata cuta.

Ruwan famfo na da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin matata duka. A bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, ko a sa maganin cire shi. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma iskarsa kaɗan ce, shi ma a bar shi ya sha iska. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada a zubar da shi duka, kuma a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake wanke soso, ba sabulu.

Zafi, sanyi da wutar lantarki

Yawancin kifin nan sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28. A watannin Maris da Afrilu zafin gari kan kai 40, ga ruwan zafi ba ya riƙe iska: a digiri 20 lita guda na ɗaukar oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5, kuma amoniya ta fi dafi a zafi. In aka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta yi kaɗan. Fanka a saman ruwa na sanyaya shi. Da hunturu kuma, a daren Disamba da Janairu, sanyi na sa kifi ya daina ci, cutar farin ɗigo ta kama shi. Rufe akwatin da bargo da dare na taimakawa. Ɗaukewar wuta na tsawon sa'o'i na kashe ƙwayoyin matata, don haka ƙaramin famfon iska mai batir ko mai aiki da sola ya fi kowane ado muhimmanci. Tarwaɗa, gaiwa da Polypterus na shaƙar iskar sarari, sun fi jure wannan; ƙawara ce ke fara mutuwa.

Abinci, cuta da guba

Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Ƙananan ƙwayoyin abincin tarwaɗa na kasuwa sun yi, a haɗa da tana, gara da tsutsar sauro. Sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a wani baho dabam kafin a haɗa shi da na da. Tsirran da aka tsinko daga dam a bincike su sosai, domin ƙananan katantanwa da ke manne a jikinsu na iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum. Maganin sauro na feshi, na hayaƙi da fiya-fiya suna kashe kifi ko da kaɗan ne. Kafin a fesa a kashe famfon iska a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zani. Kifin da ya fi ƙarfin akwati a ba mai babban tanki ko kududdufin kiwo, kada a mayar da shi dam, musamman in ya zauna tare da kifin waje, don zai iya kai wa na kogi cutar da ba su saba da ita ba.