Waiwaye: Daga Ina Gardamar Man Cadi Ta Samo Asali?

Tun da aka ƙara kuɗin fetur a watan Fabrairun 2024, lita ta tashi daga sefa 518 zuwa 730, maganar mai ba ta bar bakin mutane ba a Injamena. 'Yan kilando masu babur ɗin haya suna yi, mata a kasuwar Dambe suna yi, mu ma Hausawa ita ce hirarmu a majalisa bayan la'asar. Abin da ke damuna shi ne saurin da hirar ke karkacewa. Za a fara da farashi, kafin a zuba shayi na biyu an koma "mai na kudu, mulki na arewa", daga nan sai a faɗa masallaci da coci. Matasa da yawa suna ɗaukar abin kamar jiya ya faro.

Farkon labarin kowa ya san shi. Mun sami 'yancin kai a 1960, manoman Mangalme suka yi bore kan haraji a 1965, aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolinat a 1966. Yaƙin Injamena na 1979 ya raba maƙwabta, an zubar da jinin Musulmi da na Kirista, kuma tabon bai gama warkewa ba. A cikin shekarun 1970 ɗin ne aka gano mai, a Doba can kudu, da kuma Sedigi a Kanem, ta ɓangaren arewa. Masu cewa man na ɓangare ɗaya ne sukan manta da Sedigi. Yaƙi ya bar arzikin kwance a ƙasa har 2003, lokacin da bututu mai tsawon kilomita 1,070 ya fara kai shi Kiribi a gaɓar tekun Kamaru.

Inda nake so mu daɗe shi ne watan Janairun 1999, lokacin da aka sa hannu a doka mai lamba 001 kan yadda za a kashe kuɗin mai. A takarda, doka ce mai kyau, har ƙasashen waje suna misali da ita. Kashi 10 cikin ɗari za a ajiye wa 'ya'ya da jikoki. Mafi yawan abin da ya rage, wajen kashi 80, zai tafi makarantu, asibitoci, hanyoyi, ruwa da raya karkara. Kashi 5 na yankin da ake haƙo man ne. Aka kuma kafa kwamitin sa ido mai mutum 9, ciki har da wakilan ƙungiyoyin farar hula da na shugabannin addini. Wato Musulmi da Kirista sun sami wurin zama su ga lissafi da idonsu, abin da ƙasar ba ta saba gani ba.

Sai dai dokar tana da iyaka guda biyu da ba a cika ambata ba. A rubutunta na farko, rijiyoyin Kome, Miyandum da Bolobo kaɗai ta shafa. Sannan kuɗin da ta tsara rabonsu su ne na kai tsaye, wato ladan haƙa na kashi 12.5 da ribar hannun jari. Harajin ribar kamfanoni da kuɗin kwastan baitulmali suke shiga kamar kowane haraji, kwamitin ba shi da hurumi a kansu.

A lokacin ba kowa ne ya ga wannan a matsayin babban giɓi ba, kuma da dalili. A ƙarshen 1998 gangar mai wajen dala 11 take. A irin wannan farashi, sai kamfanoni sun daɗe suna mayar da jarinsu kafin wani harajin kirki ya shigo. To, sai kasuwar duniya ta juya. Farashi ya yi ta hawa har ya kai dala 147 a watan Yulin 2008, jari ya dawo da wuri, haraji ya zama shi ne babban kaso. Kwaryar da aka ɗinka don awon hatsin kaka mai ƙaranci sai ga ta a gaban rumbu cike. Kuɗin da talaka ke da hanyar bin sawunsu suka zama su ne kaɗan.

A ganina, nan ne zargi ya sami gindin zama. Mutumin Doba yana ganin hasken rijiyoyi da dare alhali a ƙauyensu babu lantarki, sai ya ce an kwashe an kai arewa. Makiyayin yankin Bata, ta ɓangaren arewa, da bai ga rijiyar burtsatse ba ya ce kudu aka fifita da kashi 5. Dukansu ba su da takardar da za su duba su ƙaryata juna, sai kowa ya koma ga lissafin da ya gada tun 1979, na yanki da addini.

Abin da ya biyo baya an fi tunawa da shi. Rikicin Darfur ya tsallako iyaka, aka gyara dokar a Disamban 2005, asusun jikoki ya tafi, tsaro ya shiga jerin abubuwan da aka ba fifiko. 'Yan tawaye sun shigo Injamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008, kuma a Satumban 2008 Bankin Duniya, wanda ya tallafa wa aikin bututun bisa sharaɗin wannan doka, ya janye daga shirin. Matatar Jarmaya ta fara aiki a 2011, mutane suka ɗan sami sauƙin fetur. Da farashi ya faɗi a 2014, aka zo da matakan tsuke bakin aljihu 16 a 2016, aka zaftare alawus ɗin ma'aikata. Makarantu sun yi watanni a rufe daga Abeshe har Mundu, kuma malaman da suka ajiye alli a wancan yajin aiki, wasu Juma'a suke zuwa ibada, wasu Lahadi.