Wai mene ne "queer coding" da masu sharhin fim ke ta faɗa?

In dai kana bin masu sharhin tsofaffin finafinan Amurka a YouTube to ba za ka rasa jin wannan kalma ba. Abin da suke nufi shi ne a gina wani ɗan wasa a fim ta yadda mai lura zai gane cewa jinsinsa yake sha'awa, amma har fim ɗin ya ƙare ba wanda zai furta hakan da baki. Kallo ne kawai, ko irin shigarsa, ko wani hoto da ya liƙa. Hannunka mai sanda dai, wanda ya gane ya gane.

To me ya hana su fitowa fili? A 1930 kamfanonin Hollywood suka amince da wasu ƙa'idojin tace fim da ake kira Dokar Hays, da sunan Will Hays shugaban ƙungiyarsu, amma sai 1934 aka fara ɗabbaƙa ta da gaske ƙarƙashin Joseph Breen. Ba irin hukumar tace finafinai ta Kano ba ce fa da gwamnati ta kafa, su masu sana'ar ne suka sa wa kansu takunkumi don kada gwamnati da cocin Katolika su sako su gaba, kuma fim ɗin da bai samu hatimin ofishin tacewar ba manyan sinimomi ba za su haska shi ba, an yi asara kenan. Dokar ta haramta nuna neman jinsi, kai ko alamarsa ma ba a yarda ba.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Rebel Without a Cause na 1955, fim ɗin 'yan sakandare da Nicholas Ray ya ba da umarni. James Dean ya fito a Jim, baƙon yaro a makaranta, Natalie Wood ita ce Judy, sai Sal Mineo a matsayin Plato, ɗan masu kuɗi da iyaye suka bar wa 'yar aiki. Lokacin Geoffrey Shurlock ne ke riƙe da ofishin tacewar, kuma sai da ya rubuta wa kamfanin Warner gargaɗi cewa kada a kuskura a bar wata alamar irin wannan alaƙa tsakanin Plato da Jim. Kun ga tun a takarda ya shinshino abin.

Amma je ka kalli wajen da Plato ke buɗe lokarsa, wato durowar ajiye kayansa, a makaranta. Hoton jarumi Alan Ladd ne manne a ciki, ba na wata jaruma ba, ga madubi a jikin ƙofar, ta cikin madubin yake satar kallon Jim. Ba kalma ko ɗaya da mai tacewa zai ja wa jan biro. A ganina nan ne lagon dokar yake, ƙarfinta a kan rubutu ne, ita kuwa kyamara ba ta buƙatar magana. Sannan sun bar wa kansu ƙofar gudu, labarin ya nuna ai uba yaron yake nema, har a wani kangon gida Jim da Judy suna wasan iyaye shi kuma ɗa, duk wanda ya taso da ƙorafi sai a ce masa ai maraicin uba ne.

Ƙarshensa kuwa ba daɗi. 'Yan sanda suka harbe Plato a gaban ɗakin kallon taurari na Griffith a Los Angeles, sanye da jar jaket ɗin Jim, alhali Jim ya riga ya cire harsasan bindigar da ke hannunsa. Irin wannan mutuwa ta yi yawa a finafinan lokacin har marubuci Vito Russo ya jera su a littafinsa The Celluloid Closet na 1981.

Ni dai inda nake ja da 'yan intanet shi ne yanzu da an ga abokai biyu sun shaƙu a fim sai a manna musu kalmar. Na Plato akwai takardar Shurlock a matsayin hujja, da yawa kuwa hasashe ne kawai. Ita dokar an sassauta ta a 1961, a 1968 aka yi watsi da ita aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.