Waiwaye: Tashar radar Bayshore da hatsarin 1971

A gaɓar Tafkin Michigan da ke Amurka, tsakanin garuruwan Charlevoix da Petoskey, rundunar sojin saman ƙasar ta kafa wata tashar rada (na'urar hango jirage daga nesa) mai suna Bayshore a 1963, lokacin da yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ke kan ganiyarsa. Aikin tashar Bayshore shi ne auna ƙwarewar ma'aikatan manyan jiragen Strategic Air Command, rundunar da aka damƙa wa bama-baman nukiliya.

Ba a sakin bam ko ɗaya. Jirgin B-52, babban jirgin yaƙi mai ɗaukar bama-bamai, zai taso daga sansaninsa, ya yi ƙasa-ƙasa bisa ruwa yadda zai yi in yana ɓuya daga radar abokan gaba. Da ya doshi wurin da aka sa masa, sai ya fara aiko wani sauti ta rediyo. Daidai lokacin sakin bam, sautin ya ɗauke ɗif. Daga nan mutanen tasha su duba inda jirgin yake, gudunsa, nisansa da ƙasa da ƙarfin iska, su lissafa inda bam ɗin zai faɗa da a ce an sake shi da gaske, su ba da maki. Wannan dabarar ce aka juya a yaƙin Biyetnam daga 1966, rada ta koma nuna wa jirage inda za su zubar da bam na gaskiya.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne maƙwabciyar tashar. Kusa da hanyar jiragen akwai tashar lantarki ta nukiliya, Big Rock Point, wadda ta fara aiki tun 1962. Ranar 7 ga Janairun 1971, wani B-52 da ya taso daga sansanin Westover a jihar Massachusetts yana cikin atisaye sai fiffikensa ya karye, ya faɗa tafkin, 'yan kilomitoci kaɗan daga tashar nukiliyar. Mutum tara ne a ciki, babu wanda ya tsira. Sai da aka yi wannan asarar rayuka kafin aka karkatar da hanyar jiragen, alhali haɗarin a fili yake tun farko.

An rufe Bayshore a shekarun 1980, aka rushe Strategic Air Command a 1992, ita kuma Big Rock Point ta daina aiki a 1997.