Labaran Talabijin a Najeriya

Labaran talabijin shiri ne da tasha ke watsawa a ƙayyadadden lokaci, inda mai gabatarwa ke karanta labarai a gaban kyamara, ana haɗawa da hotunan bidiyo, rahotannin wakilai da hira da baƙi. A Najeriya babban shirin labarai yakan ɗauki rabin awa ko awa guda, galibi da Turanci, sannan a biyo da na Hausa, Yarbanci, Ibo da sauran harsuna gwargwadon yankin da tashar take. Mai kallo fuska ɗaya ko biyu yake gani, amma a bayan fuskar akwai editoci, masu ɗaukar hoto, masu haɗa bidiyo da injiniyoyi, kuma agogo ne shugabansu duka.

Tarihi

Talabijin ya fara a Najeriya ne ranar 31 ga Oktoba, 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan. Jihar Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe tata tashar a Kaduna, wato RKTV, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta fara tata a Legas. Hoto mai launi daga Jos ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1970.

Dokar soja ta 1977 ta tattara tashoshin duka ƙarƙashin hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA. Daga nan labaran ƙarfe tara na dare suka zama abin da ƙasa gaba ɗaya ke kallo a lokaci guda, domin kowace tashar NTA takan ajiye shirinta ta jona da cibiya. Tsarin mulkin 1979 ya sake bai wa jihohi damar mallakar tashoshi, abin da ya haifar da irin su CTV ta Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai sa ido kan kafofin watsa labarai, aka kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Channels ta John Momoh ta fara a 1995, AIT ta Raymond Dokpesi a 1996, Arise News a 2013. A Jamhuriyar Nijar, Télé Sahel ta gwamnati tana ba da labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar, ga kuma tashoshi masu zaman kansu kamar Ténéré da Dounia.

Yadda ake haɗa shirin

Aiki yakan fara da taron editoci da safe, inda ake raba wa wakilai wuraren zuwa, a kuma duba abin da ya shigo daga kamfanin dillancin labarai na NAN da sauran majiyoyi. Furodusa ne ke riƙe da jadawalin shirin: jerin labarai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsawonsa a daƙiƙa, da sunan mai karanta shi, da bidiyon da zai raka shi.

Labarin da mai gabatarwa zai karanta ba tare da hoto ba bai cika wuce daƙiƙa 20 ba, don ido ba ya jure kallon fuska ɗaya fiye da haka. Labarin da zai karanta hoto na tafiya a kansa yakan kai daƙiƙa 30 zuwa 45, wani lokaci a ƙarasa da muryar wanda abin ya shafa. Cikakken rahoton wakili, wanda aka riga aka haɗa da muryarsa, yakan ci minti ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Idan aka cire talla da kanun labarai da sallama, shirin rabin awa da ƙyar yake barin minti 23 ko 24 na labari zalla. Shi ya sa furodusa ke lissafi daga ƙarshe zuwa farko: ya san daƙiƙar da dole a rufe, don haka ya san daƙiƙar da dole kowane labari ya fara. Baƙo ya zarce da surutu na minti ɗaya, to labari biyu na ƙasan jadawali sun tafi ke nan, kuma yawanci kan labaran wasanni ko na kasuwanci abin ke ƙarewa.

A ɗakin sarrafawa darakta ne ke ba da umarnin wace kyamara za a nuna, mai sauya hoto ya danna, mai kula da sauti ya buɗe ko ya rufe makirufo, wani kuma ya sa rubutun suna da muƙami a ƙasan allo. Kuskuren da ya fi yawan jawo wa tasha kunya daga wannan rubutun yake fitowa: a sa sunan kwamishina ƙarƙashin hoton sarki, don an sauya jerin labarai a minti na ƙarshe ba a sanar da mai rubutun ba.

Mai gabatarwa a gaban kyamara

Mai gabatarwa ba haddace labari yake yi ba. A gaban idon kyamara akwai gilashi a karkace wanda ke nuno rubutu daga wani allo da ke ƙasansa, don haka yana karatu amma mai kallo na ganin kamar idonsa ake kallo. Wani ma'aikaci ne ke tafiyar da rubutun daidai da saurin bakin mai karatu, ko kuma shi da kansa da abin takawa a ƙafa. Takardun da ke kan tebur ba ado ba ne, kwafin labaran ne. Gogaggen mai karatu yakan juya shafi duk lokacin da ya gama labari, saboda ranar da na'urar za ta tsaya cak, ko a ɗauke wuta kafin janareta ya karɓa. A kunnensa kuma akwai 'yar na'urar da darakta ke yi masa magana ta ciki, sau da yawa yana tsakiyar jimla: rahoto na gaba bai iso ba, tsallake zuwa na biyar.

Tufafi ma sashe ne na aikin. Yadi mai ƙananan zane a jere yakan yi ta rawa a allo. Farar shadda mai ƙyalli tana mayar da hasken fitila har kyamara ta rage buɗewa, fuskar mai ita ta yi duhu, shi ya sa masu kula da fitilu suka fi son shuɗi mai sauƙi ko ruwan ƙasa. Babbar riga da ta sha sitati tana ƙara a makirufon da aka maƙala a ƙirji duk lokacin da aka gyara ta a kafaɗa, haka ma gyale ko sarƙa da ke gogar sa. Inda ake amfani da koren bango don sa hoton situdiyo na kwamfuta, wanda ya sa koriyar hula ko ɗankwali zai ga wannan sashe na kansa ya ɓace.

Matsalolin da suka keɓanta da labaran Hausa

Yawancin labaran Hausa daga rubutun Turanci ake fassaro su, cikin gaggawa. Ma'aunin da aka saba da shi a Turanci shi ne kalma uku a daƙiƙa ɗaya, amma fassarar Hausa takan fi asalinta tsawo, musamman wajen sunayen hukumomi da muƙamai. Idan aka yanka bidiyo daidai da rubutun Turanci, hoto zai ƙare mai karatu bai kai ƙarshe ba. Maganinsa a sake rubuta labarin da Hausa a taƙaice, ba a bi jimla bayan jimla ba.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya a allo, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Wanda bai karanta labarin kafin shiga situdiyo ba sai ya kai tsakiyar jimla sannan ya gane ya ɗauki wata kalma daban. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda tsofaffin manhajoji ke mayarwa akwati ko alamar tambaya. Wasu ɗakunan labarai sukan cire ƙugiyar gaba ɗaya, sai kafa da ƙafa su zama abu guda. Lambobi ma wurin tuntuɓe ne, miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su, don haka editoci masu lura sukan rubuta adadi da kalmomi. Mafi haɗari shi ne faɗuwar kalmar zargi a wajen fassara: "ana zargin wane da sata" ta koma "wane ya yi sata", tashar ta shiga hurumin ɓata suna.

Sauyin masu gabatarwa

Masu kallo da fuska suke sabawa fiye da tambarin tasha. A Amurka Walter Cronkite ya riƙe labaran yamma na CBS daga 1962 zuwa 1981 kafin Dan Rather ya gaje shi. A NTA an daɗe ana tunawa da irin su Cyril Stober, Eugenia Abu, Sienne Allwell-Brown da Ruth Benamaisia-Opia, sai dai tsarin NTA na karɓa-karɓa ne, ba kujerar mutum ɗaya ba. A tashoshin gwamnati ritaya ce ta fi kawo sauyi, bisa ƙa'idar shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, sai ƙarin girma zuwa ofis. A masu zaman kansu kuwa albashi ne, da zawarcin wata tasha, da muƙamin kakakin gwamnati. Tashar da ta san aiki takan fara sa magaji a labaran rana ko na ƙarshen mako, sannan ta zaunar da shi gefen wanda zai gada na wasu makonni.

Inda harkar ta dosa

Da can rahoto kai tsaye sai da motar tauraron ɗan'adam. Yanzu jakar goyo mai ɗauke da layukan waya da yawa ta wadatar, ko ma wayar hannu kaɗai. Jinkirin daƙiƙa ɗaya zuwa uku da ake gani, wakili na gyaɗa kai bayan an gama tambaya, daga matse hoto da tafiyarsa ta intanet yake zuwa, kuma a taron siyasa inda dubban wayoyi ke kan turken sadarwa ɗaya hoton yakan daskare. Wakili ɗaya yanzu shi ne mai ɗauka, mai haɗawa, mai aikawa. Tashoshi suna yanka labarai gunduwa-gunduwa don Facebook, YouTube da TikTok, kuma sassan Hausa na kafofin waje kamar BBC, da aka sani da rediyo, sun shigo fagen bidiyo. Bidiyon da jama'a ke turowa ya ƙara wa edita aikin tantancewa, domin tsohon hoton wata ƙasa kan dawo da sunan sabon hari.

Ƙaura daga tsohon tsarin watsawa zuwa na dijital ta yi jinkiri. Wa'adin ƙasa da ƙasa na 17 ga Yuni, 2015 ya wuce Najeriya ba ta kammala ba, sai a 2016 aka ƙaddamar da gwaji a Jos sannan Abuja. Ta fuskar doka kuma, NBC ta ci tarar Channels, AIT da Arise naira miliyan uku kowacce a 2020 kan rahotannin zanga-zangar EndSARS, ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar a 2022 kan wani shiri game da 'yan bindiga. A watan Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tara.