Akumuletar birki: aikinta da yadda ake canza ta a tsohuwar mota

Akumuletar birki ƙaramin tulu ne na ƙarfe da ke ajiye man birki cikin matsi mai yawa, domin direba ya samu ƙarfin tsayar da mota da zarar ya taka birki. Ba kowace mota ke da ita ba. Yawancin ƙananan motoci da zuƙar iskar injin suke sauƙaƙa wa direba taka birki. Masu akumuleta su ne waɗanda famfo ke tara musu matsi, irin su Toyota Land Cruiser 100 ta 1998 zuwa 2007, Lexus LX470, Range Rover P38, Mitsubishi Pajero ta farkon shekarun 2000, da motocin da ke da tsarin birki da ake kira Teves Mark II, kamar Ford Scorpio ta 1985 da Saab 9000.

Yadda take aiki

Cikin tulun ya kasu gida biyu. Gida ɗaya iskar naitirojin ce da aka ɗura tun daga masana'anta, ɗaya kuma na man birki, a tsakaninsu akwai shimfiɗar roba, a wasu kuma fistin. Famfo yana tura mai, man ya danne iskar, iskar kuma ta riƙe wannan ƙarfi har a buƙace shi. A tsarin Teves Mark II famfon yana tashi idan matsi ya sauka wajen bar 140 (bar ma'aunin matsi ne), ya tsaya a wajen bar 180. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba.

Lalacewa da alamominta

A hankali naitirojin ke ratsa robar yana tserewa, ko motar na tafiya ko tana ajiye. Idan iskar ta ragu, tulun zai cika da mai amma babu abin da zai tura shi, tunda mai ba ya dannuwa. Daga nan famfo zai riƙa tashi duk taka ɗaya ko biyu, fitilar birki ko ta ABS (tsarin hana taya kullewa idan an taka birki) ta riƙa ƙyaftawa idan an taka da ƙarfi, a Toyota har da ƙarar gargaɗi. A Toyota kwamfutar gwaji kan nuna lambar C1256, wato matsin akumuleta ya yi ƙasa, ko C1252, wato famfo ya daɗe yana aiki fiye da ƙima.

Matsalar tana da yaudara. A tafiyar cikin gari famfon yana rufe asiri, birki yana ci kamar lafiya lau. Sai an zo gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda ake taka birki a jere, sannan famfon ya kasa cim ma buƙata, abin takawa ya sandare kamar dutse. A Teves Mark II abin ya fi muni, domin birkin baya da matsin akumuleta kai tsaye yake aiki: matsi ya ƙare, birkin baya ya tafi, na gaba kuma sai da ƙarfin ƙafa. Famfon ma ba a yi shi don aiki ba hutu ba, kuma ya fi tulun tsada nesa ba kusa ba.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A murɗa makulli a jira famfo ya yi shiru, a kashe, sannan a riƙa taka birki ana ƙirgawa. Lafiyayyen tulu yana kai taka ashirin ko fiye kafin birki ya yi tauri. Wanda ya sandare kafin goma ya gama yayi.

Canzawa

Kafin sifana ta taɓa komai, sai an sauke matsin. A kashe makulli, a taka birki har ƙasa sau 40 ko fiye, har ya yi tauri sosai, a ƙara wasu takun bayan haka. Man da ke cikin tulun zai koma tankinsa, za a ga ya hau. A cire wayar batir, don kada famfo ya tashi ana tsakiyar aiki. Wanda ya kwance tulun da matsi a ciki, man zai feso da ƙarfin da ke huda fata ko makantar da ido, shi ya sa tabarau ya zama dole.

A goge gindin tulun tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata bawul, balle a lokacin hunturu da ƙura ke ko'ina a gareji. A shimfiɗa tsumma, saboda man birki yana cin fenti. Tulun Teves yana da gurbin alanki mai milimita 8 a kansa; wasu sai da sifanar maɗauri irin ta filtar mai. A cire tsohuwar robar zobe, a shafa wa sabuwa man birki, a fara ɗaura tulun da hannu har ya zauna, sannan a ɗaure. A Teves ɗaurin yana tsakanin Nm 40 zuwa 46 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Wuce haka yana cinye zaren gidan famfon.

Daga nan a mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba. A Land Cruiser 100 famfon yakan tsaya cikin daƙiƙa 30 zuwa 40. A Teves, idan ya kai minti biyu bai tsaya ba, a kashe a bar shi ya huce, sannan a nemi iska ko yoyo. Idan tulun kaɗai aka cire, iskar da ta shiga ba ta da yawa. Idan an kwance bututu ko famfo, sai an fitar da iska daga dukkan ƙafafun bisa tsarin littafin motar. A Toyota ana duba yawan mai ne bayan an sauke matsi, in ba haka ba a cika shi ya yi ambaliya.

Mai da kayan gyara

Toyota man birki nau'in DOT 3 take sha, Range Rover DOT 4. Amma tsofaffin BMW irin E32, da Audi 100 da 200, akumuletarsu da man sitiyari take aiki, Citroën kuma da koren mai LHM. Haɗa waɗannan da man birki yana kumbura robobin tsarin gaba ɗaya, don haka a karanta abin da ke jikin murfin tanki.

A Apo da Zuba a Abuja, da Dilimi a Jos, abin da aka fi samu shi ne na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, sau da yawa haɗe da famfo da masta (silindar da abin takawa ke turawa). Tulun da aka ciro daga motar da ta shekara ashirin shi ma shekararsa ashirin yana zubar da iska, don haka tsabtar jikinsa ba shaida ba ce. A yi masa gwajin ƙirga taka kafin a biya. Tsohon da aka cire kuma yana iya zama da sauran iska a ciki, kada a ba mai walda ya yanka, kada a jefa shi wuta.