Sinadaran saman duniyoyi masu duwatsu

Duniyoyi huɗu ne masu duwatsu ke kewaya Rana: Makuri, Zara, Duniyarmu da Mas. Sun samu ne kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, daga ƙura da iskar gas da suka dunƙule. Tunda ba mai iya haƙa ya kai cikinsu, masana kan auna sinadaran da ke samansu don gano yadda aka yi suka haɗu.

Tushen binciken shi ne, kowacce ta taɓa narkewa tun tana sabuwa. Ƙarfe mai nauyi ya nutse ya zama cibiya, marasa nauyi suka taso suka daskare. Wata, ko da yake ba ya cikin huɗun, shi ya fara ba da shaida ƙarara. Tsakanin 1969 da 1972 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka sun kwaso kilo 382 na duwatsu da ƙasa daga can. A ciki akwai wani farin dutse mara nauyi da ya yi iyo a kan tekun narkakken dutse, kamar mai a kan ruwa. Sinadarin oksijin da ke cikin duwatsun kuma kusan iri ɗaya ne da na Duniya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa Wata ya fito ne daga wani gagarumin karo da Duniya ta yi.

Makuri ce ta ba da mamaki. Cibiyarta ta ƙarfe ta cinye mafi yawan jikinta, don haka aka daɗe ana zaton zafin Rana ne ya ƙone ɓawonta. Da haka ne, da sinadaran da ba sa jure zafi sun tsere. Sai kumbon MESSENGER na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya kewaya ta daga 2011 zuwa 2015, ya tarar da farar wuta da fotasiyam, waɗanda ba sa jure zafi, jibge a samanta, ƙarfe kuwa ɗan kaɗan. Wannan ya raunana tsohon zaton ƙwarai. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce, kayan da suka haɗa Makuri ba su da wadatar oksijin, shi ya sa ƙarfenta ya zarce cibiya. A Mas kuwa ƙarfe mai yawa ya haɗu da oksijin ya tsaya cikin duwatsu, tsatsarsa ce ta sa ta yi ja.

Zara ba ta ba da bayani da yawa. Kumbunan Venera 13 da 14 na Tarayyar Sobiyat sun auna baƙin dutsen aman wuta a can a 1982, amma narkakken dutse ya daɗe da binne tsohon ɓawonta.