Talla ko makaranta: abin da doka ta ce

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Uba ko mariƙin da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karon farko ja masa kunne za a yi. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. In ya sake, naira 5,000 ko wata biyu.

Wannan ɓangaren ake ta nanatawa a rediyo. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne sashe na 3. Duk wanda ya karɓi kuɗi a makarantar gwamnati a waɗannan azuzuwan, tararsa tana iya kaiwa naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Wato hukuncin mai karɓar kuɗi ya fi na uban nauyi. Kuma kyautar da dokar ke nufi ta haɗa da littattafai, kujeru, azuzuwa, har da abincin rana. To, yanzu uba ya kai yaro, a ce kawo kuɗin jarrabawa, kawo na alli, kawo tsintsiya, yaron kuma a ƙasa zai zauna. Wa ya fara karya dokar?

Batun talla kuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ce ta yi magana. Sashe na 30 ya hana sa yaro bara ko ɗora masa talla a manyan tituna, wanda ya saya, ya sayar ko ya yi hayar yaro kuwa, hukuncinsa ɗaurin shekara 10. Sashe na 28 ya hana aikatau a gidan wasu da aikin da ya fi ƙarfin yaro. Ba a hana yarinya taya mahaifiyarta wanke-wanke ba, ko yaro ya bi uba gona bayan an tashi makaranta, muddin aikin mai sauƙi ne. Sai dai dokar tarayya ce, ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita. Kano sai a 2023 ta sa hannu kan tata.

A ganina nan dokar ta yi gajarta. Yarinyar da ke ɗauke da farantin awara a tasha ba don ƙin boko aka tura ta ba. Cinikinta shi ne cefanen dare, abin da ya ragu a zuba adashi don kayan ɗakinta. A ci tarar uwarta, gobe da sassafe farantin zai sake fita don a biya tarar.

Kuɗin gyaran makarantun ma an tanada: kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ke tafiya hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya. Amma jiha ba ta ɗaukar kasonta sai ta ajiye daidai da shi, shi ya sa biliyoyin naira kan yi shekaru a asusun ba a taɓa ba.